Hawa Zuwa Kabarin Enelesi

Ranar da aka binne matata ban kai bakin kabarin ba. A gindin tsauni aka bar ni, ƙarƙashin wani mangwaro, ni da jakunkunan mutane da wata tsohuwa makauniya. Dangin matata Enelesi a kan tsaunukan Ntcheu suke binne nasu, kuma mace ko ina aure ya kai ta, gida ake mayar da gawarta. Mota iyakarta gindin tsauni. Na fara hawa tare da kowa, ban yi nisa ba ƙirjina ya kulle, idona ya rufe. Aka tallabo ni aka dawo da ni ƙasa. Ina zaune ina jin waƙar masu rakiyar gawa tana nisa tana nisa har iska ta tafi da ita. Makauniyar ta tambaye ni ko na san marigayiyar. Na ce mata sama-sama.

Da aka sauko, yayan Enelesi, Bizwick, ya dafa kafaɗata ya ce, "Suruki, kwantar da hankalinka. Mun binne maka ita da kyau."

Bayan shekara ake kafa dutsen kabari. A lulluɓe shi da farin ƙyalle, a tara mutane, a yi addu'a, mijin ya sa hannu ya yaye. In babu miji, ɗan'uwanta ya yaye. Ni da Enelesi ba mu haihu ba, saboda haka wannan ƙyallen shi ne kaɗai abin da ya rage mini a wurin danginta. Bizwick ya san da haka. Da damina ta ja baya, wajen Afrilu kamar yadda take yi a ƙasarmu, ya buga mini waya ya ce sun tsayar da Satumba.

"In ka ga jikin ba zai iya ba, kar ka wahalar da kanka," in ji shi. "Ni zan yaye. Ai hannu hannu ne."

"Zan zo."

"Zuwa kam ka zo bara ma."

Na kashe wayar na dubi cikina. Shekara talatin da wani abu ina koyarwa, rabinsu ina hedimasta, kuma a garinmu Balaka hedimasta marar tumbi ba a yarda ya iya aikinsa ba. Na tara nawa a hankali, da tuwon masara da shayi mai sukari, mutane suna yaba mini. In na sunkuya ɗaure takalmi sai na huta a tsakani. Ma'aikaciyar asibiti ta gwada jinina ta sake gwadawa, ta ce in riƙa tafiya kullum, in rage tuwo, in bar sukari. Ta ce akwai wurin motsa jiki a saman wani shagon siminti. Na je na leƙa. Samari ne suna ɗaga ƙarfe suna kallon kansu a madubi, kuɗin shiga kuwa ba na mai jiran fansho ba ne, fanshon da kan zo lokacin da ya ga dama. Na wuce kasuwar gwanjo na samo takalmin wani Bature da ya fi ni ƙafa, na cusa jarida a bakinsa.

Fitata ta farko da sassafe, iyakata layin dogo. Can na zauna a kan ƙarfen ina haki, bayana yana zafi, cinyoyina sun goge juna har sun yi ja. Na karanta labaran mutanen da suka ƙetare hamada da ƙafa, babu wanda ya ambaci cinya.

Ina nan zaune wani mai keken haya ya taka birki a gabana. Tsoka ne, wanda na koyar tun yana da majina, yanzu har da furfura a gemu.

"Malam! Lafiya? Me ya faru da kai a nan?"

"Tafiya nake yi."

"Zuwa ina?"

"Ba ko'ina."

Ya dube ni, ya dubi takalmin. Ya rage murya. "Malam, in fansho ne bai fito ba, haba, ni da kai? Hau in kai ka. Kyauta."

"Tsoka, na ce maka tafiya nake yi."

"To ai ita nake so in rage maka."

A garin nan babba ba ya tafiya da ƙafa sai in abin hannunsa ya ƙare ko kansa ya taɓu. Kafin mako ya zagayo duk masu keken tasha sun ji hedimasta ya karye. Rabinsu ɗalibaina ne. Sai in fito in ga keke yana bina a hankali kamar motar gawa. Dole na sake hanya, na koma bi ta bayan masu gasa bulo, inda ƙura ta fi yawa, tsofaffin ɗalibai suka fi ƙaranci.

Wata matsalar, Balaka a shimfiɗe take kamar faranti. Babu tudun da mutum zai gwada ƙafarsa. Na dube-dube a ɗaki, idona ya faɗa kan manyan ƙamusoshin da na saya da albashina na farko, waɗanda Enelesi ta sha cewa ba su da aiki sai tara kyankyaso. Na jera su a gindin bango, na ɗaure da igiya, na riƙa hawa ina sauka ina dafe da taga. Hagu, dama, hagu, dama, har gwiwa ta fara ƙara. Babu wani daɗi a cikin abin. Masu cewa jiki yana sabawa har ya riƙa nema, ban san irin jikinsu ba. Nawa kullum da safe sai mun yi ciniki da shi kamar mai sayen akuya, kuma sau da yawa shi ke cin riba in koma in kwanta.

Amma dai abu ya fara motsi. Na wuce layin dogo, na wuce masu bulo, wata rana na tsinci kaina a gadar rafi ban zauna ko sau ɗaya ba. Na huda sabon rami a bel ɗina da ƙusa. Kwat ɗina na zuwa coci ya fara rataya a kafaɗa.

Wannan kwat ɗin ne ya tona ni. Ranar Lahadi bayan an tashi, na ga Mama Nangozo tana kallona daga ƙofar coci. Ita ce shugabar matan zumunta, ƙawar Enelesi tun suna 'yan mata, mace mai faɗi da murya, wadda in aka ba ta addu'ar rufe taro mutane kan nemi wurin zama. Washegari da rana na ji sallama.

Ta shigo da kwanuka a ɗaure cikin zane. Tuwon masara mulmule uku, ƙananan kifi soyayyu suna ninƙaya a mai, ganyen kabewa da gyaɗa. Ta shimfiɗa su a teburina, ta ture littattafai gefe, ta ja kujera ta zauna.

"Hedimasta, mu yi addu'a."

Ta yi wa abincin addu'a, ta yi wa wanda ya noma shi, ta yi wa masunta da ke kan tafki, ta bi ta kan marayu da fursunoni da masu mulki. Kafin ta ce amin man kifin ya daskare.

"Ci."

"Mama Nangozo, na gode, amma asibiti sun ce in rage."

"Asibiti." Ta gyaɗa kai a hankali, kamar na tabbatar mata da wani abu. "Ashe ka je. To madalla. Sun ba ka maganin?"

"Na hawan jini."

"Hawan jini," ta maimaita, tana kallon wuyan rigata. Ta matso. "Hedimasta, mu ba yara ba ne. Mun binne mutane da yawa a garin nan, mun san yadda abin yake farawa. Yanzu ba kamar da ba ne. Magani kyauta ne, kuma ba abin kunya ba ne. Amma ba a shan sa da yunwa."

Sai a lokacin na gane. Duk wanda ya rayu a nan shekarun da muke zuwa jana'iza safe da yamma, in ya ga mutum yana ramewa abu ɗaya ke zuwa masa.

"Mama, na kusa saba'in. Shekara guda ke nan ko hannun mace ban riƙe ba."

"Ni ban tambaye ka ba. Allah ne mai tambaya. Ci."

Ba a mayar da kwanon da mace ta ɗauko a ka ta ratsa gari da shi. Kuma ba ta tafi ba. Ta zauna tana kallon kowace loma har na ga gindin kwano. Daga ranar matan zumunta suka raba kwanaki a tsakaninsu. Yau wannan, gobe waccan, kowace da zanenta da kwanukanta da umarnin kar ta tashi sai na cinye. Da Enelesi ke kwance tana jinya ban ga rabin wannan tuwon ba, amma wannan wata magana ce.

Na gwada dabaru. Na ce azumi nake, aka ce za a jira. Na ce cikina ya ɓaci, aka kawo kunu da madara da sukari. Karen maƙwabcina ya yi ƙiba har ya daina haushi. Ramin da na huda a bel ya fara matse ni, sai na ƙara nisan tafiya don in biya bashin tuwo, su kuma suka ga ban ciko ba suka ƙara mulmule. Haka muka yi ta ja, ni da matan zumunta, duk tsawon sanyin bana.

Kalma ɗaya za ta raba mu, na sani. Amma in na ce ina koyon hawa tsauni ne, kafin yamma duk Balaka ta ji, a sa ni a addu'ar Lahadi da suna, ranar kuma kowa ya zo kallo. Faɗuwa a gaban mutane na riga na yi ta sau ɗaya. Na fi so a ce ina da cutar.

Shirina mai sauƙi ne. In isa gindin tsauni tun da wuri, in hau ni kaɗai, in zauna inda na ga dama, in yi haki ba mai ji, su same ni a sama. Amma motar da zumunta ta ɗauko ta tsaya ɗaukar wannan, ta koma ɗauko tukunyar da aka manta, ta yi faci a hanya. Da muka isa rana ta ɗaga, mutanen ƙauye sun cika gindin mangwaron. A tsakiyarsu ga wata kujerar katako an ɗaure ta a kan gora biyu, an shimfiɗa mata bargo, ƙarti huɗu suna tsaye a gefe.

Bizwick ya taho da hannu a buɗe. Ya girme ni, amma busasshe ne kamar kara, irin mutanen da tsauni ya cinye musu nama tun suna yara.

"Suruki! Kai, ashe gaskiya ne. Dubi yadda ka zube." Ya juya ga Mama Nangozo. "Mama, kin kyauta da kika sanar da mu. Suruki, ga karagarka. Bara mun bar ka a ƙasa da kaya, bana da kai da kayan duk za mu hau da ku."

Aka yi dariya, irin ta tausayi.

"Da ƙafata zan hau," na ce.

"Da wace ƙafar?"

"Ku yi gaba. Zan same ku."

"A'a, suruki, ka karanta littattafai amma ba ka san ƙauye ba. Ranar yaye ƙyalle miji ne a gaba. Ba mai wuce shi. In ka tsaya mun tsaya, in ka kwana a hanya mun kwana." Ya nuna wani mai farar kwala a wuya da ke duba agogo kusa da babur. "Fasto kuwa yana da wani kabarin a ƙetaren kwari da azahar. In lokaci ya ƙure, ni da shi za mu hau mu gama. Hau kujera, kar ka ɓata wa ƙanwata rana."

Bara akwatin gawa ne a gaba, shi ya sa ban san da wannan ba. Na dubi hanyar, siririya, ja, ta miƙe cikin duwatsu. Na dubi kujerar. Ba zan ɓoye ba, bargon ya yi kyau.

Mama Nangozo tana tsaye cikin farar riga da baƙin siket da farin ɗankwali, irin na zumunta. Ta dubi kujerar, ta dubi mangwaron da ta gan ni a ƙarƙashinsa bara, sannan idonta ya sauka kan takalmin Baturen, wanda duk ƙurar masu bulo ta rine shi. Ta daɗe tana kallonsa.

"Hedimasta," ta ce a hankali, "kai dai mugun mutum ne. Duk tuwon nan."

Ta juya ta ɗaga murya. "Mata, a ɗauki waƙa."

Na fara hawa. Mutum wajen ɗari a bayana, ƙarti huɗu ɗauke da kujera ba kowa a kai. Ƙamus ba tsauni ba ne. Ƙamus ba ya zamewa, ba ya da tsakuwa, kuma akwai taga kusa. Na wuce inda na faɗi bara ban kalle shi ba. Na wuce wata gonar rogo. Daga nan numfashina ya fara fita da ƙara, gwiwar hagu ta fara rawa, na ji zuciyata a cikin kunne. Waƙar da ke bayana ta mutane masu tafiya ce, ni kuwa jan ƙafa nake, sai matan suka riƙa jan baitin suna rage masa gudu har ya koma kamar kuka.

"Suruki, kujera tana nan," in ji Bizwick a ƙeyata. Ko haki ba ya yi.

A wani lanƙwasa ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Na tsaya. Na san in na tsaya kamar mai hutawa, magana ta ƙare, za su ɗora ni. Ban kai ga juyawa ba na ji muryar Mama Nangozo ta tsaga waƙar.

"A nan 'yar'uwarmu ta saba ɗebo itace tana yarinya. Mu yi addu'a."

Mata suka durƙusa. Maza suka cire hula. Fasto ya buɗe baki ya rufe, don ba a katse addu'a, ko ta wace ce. Ni ma na durƙusa, na dafa wani dutse, na sa goshi a kan hannuna ina jan iska kamar saniya. Ta yi wa itacen addu'a. Ta yi wa masu ɗebo shi. Ta bi ta kan zawarawa da matafiya da marasa lafiya na asibiti da na gida. Ban taɓa jin addu'ar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba, kuma ban ji rabin abin da ta ce ba. Da numfashina ya dawo na ɗaga kai, na ga idonta ɗaya a buɗe yana kaina. Ta ce amin.

Muka ci gaba. Da na sake tsayawa, ashe a nan Enelesi ta taɓa faɗuwa da tulu. Gaba kaɗan, a nan ta saba zama ta hango hanyar mota. Enelesi ta gaya mini da bakinta cewa ta tsani tsaunin nan, ta auri malamin makaranta ne don ta sauka daga kansa, amma ban gyara wa kowa ba.

"Mama," in ji Bizwick bayan ta huɗu ko ta biyar, "ƙanwar tawa ba ta bar dutse ko ɗaya ba ta yi wani abu a kansa ba?"

"Kai ka san ta a ƙanwa, ni na san ta a ƙawa. Cire hularka."

Fasto ya matso kusa da ni, ya yi magana ƙasa-ƙasa. "Baba, mutane suna jirana a can."

"Wanda ke can ɗin ma ba inda za shi, Fasto," na ce. Iyakar abin da iskata ta iya biya ke nan.

Ƙarshen hanyar ban tuna shi sosai ba. Na tuna na kama ciyawa da hannu. Na tuna jaridar da ke cikin takalmin ta jiƙe ta dunƙule a ƙarƙashin yatsuna. Muryar Mama Nangozo ta dushe, addu'o'in suka gajarce, ita ma tsaunin ya fara karɓar nasa a jikinta. Sai ƙasa ta daina tashi. Ga itatuwa, ga kaburbura, ga wani abu tsaye lulluɓe da farin ƙyalle, an danne gefensa da duwatsu saboda iska.

Fasto ya yi huɗubar da ban taɓa jin mai gajartarta ba. Ya ce miji ya matso. Tun a Balaka na shirya abin da zan faɗa, na goge shi na sake gogewa a kan hanyar masu bulo, magana mai kyau wadda za ta sa Bizwick ya sunkuyar da kai. Da na buɗe baki babu iskar da za ta ɗauke ta. Na sunkuya na kawar da duwatsun, na kama ƙyallen na ja.

Dutse ne baƙi, ƙarami, da sunanta da shekarunta. Kabarin ya fi yadda na zata gajarta. Daga inda yake ana hango kwarin gaba ɗaya, har da mangwaron can ƙasa, ɗan ƙarami kamar kan ashana. Wato bara Enelesi tana ganina.

Na zauna a ƙasa kusa da ita, ƙyallen a cinyata. Mata suka yi waƙa, Fasto ya gangara da gudu-gudu, aka buɗe tukwane. Bizwick ya zo ya tsaya a kaina.

"To, suruki. Ka yaye."

"Na yaye."

"An rubuta sunan daidai?"

"Daidai."

Ya juya ya tafi wurin nama. Can Mama Nangozo ta iso tana ɗingishi, ta ajiye kwano a gabana. Mulmule biyu ne. Ta zauna da ƙyar ta miƙe ƙafafu.

"Na rage maka ɗaya," ta ce da dusasshiyar murya. "Kar ka saba."

Ba ta yi addu'a ba. Ta ce ta ƙarar da na wannan watan.

Da la'asar aka fara haramar sauka. Na yunƙura, gwiwoyina suka ce sun gama aikin da aka ɗauke su. Ƙartin nan huɗu suna zaune a inuwa kusa da kujerarsu, sun hau da ita ba kowa, suna shirin sauka da ita ba kowa. Na yafito su. Hawa na ce zan yi da ƙafata, ban yi wa kowa alkawarin sauka ba. Na naɗe ƙyallen na sa a aljihun kwat, na zauna a kan bargon, suka ɗaga. Na baya na hagu ya yi nishi ya ce wa ɗan'uwansa, "Wannan ne aka ce ya rame?"